Injin shara da numfashin Inna

Mahaifiyata tana fama da ciwon asma, kuma duk wanda ya san Bagudo a lokacin hunturu ya san yadda ƙura ke shiga ɗaki ko da an rufe ƙofa da taga. Tsintsiya kuwa tayar da ƙurar take yi, Inna ta kwana tana tari. Shi ya sa da ƙanena zai tsallaka iyaka ta Lolo zuwa kasuwar Malanbil a Jamhuriyar Benin, na ba shi sautun injin shara mai caji, irin mai zuƙe ƙura. Ya samo ɗan Kwatano, takardar bayaninsa da Faransanci, muka ajiye ta ba wanda ya karanta.

Wata 3 yana aiki lafiya, tarin Inna ya lafa. Da bazara ta kama, sai ya fara ɗaukewa bayan minti kaɗan, jikinsa zau, yana warin roba, ba ya sake tashi sai ya huce.

Wani matashin mai gyara ya ce akwai ɗan abin da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, zai cire shi ya haɗa waya kai-tsaye. Saura kaɗan in yarda. Allah ya taimake ni, wani dattijo mai gyaran rediyo yana kusa. Ya kara tafin hannunsa a bakin injin, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya numfashi."

Da ya buɗe, sai ga matatar ƙura ta daskare kamar laka, zaren darduma ya nannaɗe burushi, ga guntun leda a cikin bututu. Ya bayyana mini cewa iskar da injin ke zuƙa ita ce ke sanyaya shi. Idan hanyarta ta toshe, dole ya yi zafi, ɗaukewar da yake yi kare kansa yake. Da an cire makarin, waya za ta ƙone, batirin ma yana iya kamawa da wuta, a ɗakin da tsohuwa ke kwana.

Ya ce in wanke matatar da ruwa zalla, in shanya ta kwana ɗaya cur kafin in mayar, kada in yi caji yana da zafi, kada in bar shi a rana.

Na faɗi wannan ne domin irin wannan gyaran gangar Auzinawa ya yi yawa a wurinmu. Fanka ko injin ban ruwan fadama ya tsaya, maimakon a nemi dalili sai a cire fis a ɗaura waya. Masu gyara su ji tsoron Allah, mu kuma masu kaya mu daina matsa musu da gaggawa.

Yanzu duk ranar Juma'a nake wanke matatar. Idan na sha'afa, Inna ce ke tuna mini.