Mako Guda da Tsofaffin Libarba a Teksas

Litinin
Magada sun kawo akwatin tsofaffin libarba na mahaifinsu, suna so a yi musu kuɗi. Tsohon dillalin da nake zama a shagonsa bai tanka maganar farashi ba. Ya ɗauki Colt ɗaya, ya duba babu harsashi, ya kara kunne, ya ja gudumar baya a hankali. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Huɗu cif. In ɗaya ta ɓace, haƙori ya karye a ciki. Irin wannan bindiga sai an ja guduma da babban yatsa kafin kowane harbi. Kunama sakinta kawai take yi. Ita ce dai ta hannun kaboyi a silima.

Talata
Yau lambobi. Kamfanin Colt ya fara ƙera wannan samfuri a Hartford a 1873, kuma yakan buga lamba ɗaya a gangar jiki, a zoben kunama, da ƙarfen ƙota. Dole su dace. Sai ga wata mai tambarin U.S., bututunta inci biyar da rabi, kowane sashe da lambarsa daban. Babban ɗan mamacin ya ɓata rai, wai an cuci babansu. Dillali ya ce a'a: tun daga 1895 sojan Amurka ya riƙa kwance tsofaffin bindigogin mahaya dawaki masu inci bakwai da rabi, ana datse su, a sake haɗawa ba tare da kula da lamba ba. Haɗe-haɗen nan na gwamnati ne, yana da masu nemansa. Na maƙerin kasuwa shi ne abin gudu.

Laraba
Wadda ta fi kowace ƙyalli ita ta fi faɗuwa a farashi. An goge ta da inji, an sake rina ƙarfen. Haruffan bututu sun dushe, kusurwoyi sun yi sulɓi, ramukan kusoshi sun lotsa. Wata kuwa duk ta koɗe ta yi toka-toka, amma hatimin jami'in binciken soja na nan a katakon ƙota. Dillali ya hana ko a shafa mata tsumma da ƙarfi. Ni ma ita ta kwanta mini a rai.

Alhamis
An aika wa ma'ajiyar tarihin Colt lambobi. Wasiƙarsu kan faɗi ranar da bindiga ta bar masana'anta, girman harsashinta, da wanda aka aika wa.

Juma'a
An ware waɗanda aka ƙera a 1898 ko kafin nan. Dokar tarayya kayan tarihi take ɗaukarsu. Na zamanin baƙin albarushi ne, ba a zuba musu harsashin yau.

Ƙanwarsu ta ce kakansu ya sha faɗa cewa wani shahararren ɗan fashi ne ya riƙe ɗaya. Ta ji labarin Colt ɗin Pat Garrett, wadda ta kashe Billy the Kid, an yi gwanjonta a 2021 sama da dala miliyan 6. Dillali ya tambaye ta takarda. Babu. Ya rubuta kuɗin bindigar kawai, ya ce a jira wasiƙar Colt.