Labarin Khaibar da Shayin Ƙanƙara

Alhazanmu da yawa sun san Makka da Madina kamar yadda suka san Kumasi da Nima, amma kaɗan ne suka taka Khaibar, ko da yake sunanta yana bakin kowane almajiri da ya ji labarin yaƙe-yaƙen Annabi (SAW). Garin yana arewa da Madina, bisa hanyar Taima da Tabuka, kimanin kilomita 160, watau mil ɗari. A da tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi. Yanzu mota tana cinye ta cikin sa'a biyu. A shekarar 2022 hukumar Saudiyya ta yarda mai takardar Umra ya zaga sauran garuruwan ƙasar, kuma a ƙarshen wannan shekara aka buɗe tsohon garin Khaibar ga baƙi. Amma shiga kango da ganuwoyin yana hannun hukumar da ke kula da Al-Ula, saboda haka wanda ya yi niyya ya tambaya tun yana Madina.

In mutum ya doshi garin, abin da zai fara gani shi ne baƙin dutse, ko ina ya duba. Larabawa suna kiran irin wannan ƙasa harra. Asalinta narkakken dutse ne da ya ɓulɓulo daga cikin ƙasa, ya malala kamar kunu, sa'an nan ya daskare. A tsakiyar wannan baƙin fili akwai duwatsu biyu farare, Jabal Abyad da Jabal Baida, na farkon tsawonsa ya wuce mita 2,000. Ruwan sama in ya sauka ba ya gudu, sai ya nutse cikin tsagogin dutsen, ya fito a kwari ya zama idanun ruwa. Wannan shi ne arzikin Khaibar. Kana cikin tafiya a ƙeƙasasshen wuri, sai kwatsam ka leƙa ƙasa ka ga dabino dubbai kore shar.

Garin tsoho ne ƙwarai. A watan Janairu 2024 masu tonon tarihi na Faransa da na Saudiyya suka ba da labarin wata ganuwa mai tsawon kilomita 14 da rabi, wadda ta kewaye dausayin duka, an gina ta tsakanin shekara 2250 da 1950 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta 7 bayan Hijira, watau 628, aka ci Khaibar, lokacin tana hannun Yahudawa masu ganuwoyi bisa duwatsu, irin su Na'im da Ƙamus. Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne yarjejeniyar da aka yi bayan yaƙin: aka bar manoma a gonakinsu bisa sharaɗin rabin amfani nasu, rabi na Musulmi, aka riƙa aiko Abdullahi ɗan Rawaha yana kintata dabinon tun yana bisa. Malaman fiƙihu suna kafa hujja da wannan a kan noman raba-daidai har gobe. A hanyar komowa kuma aka yi walimar Nana Safiyya, abincin walimar kuwa dabino ne da man shanu da cuku, aka cuɗa su wuri guda.

Ruwan da ya rayar da dabinon shi ne kuma ya tara sauro. Zazzaɓin Khaibar ya yi suna a ƙasar Larabawa tun zamanin jahiliyya. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Doughty, ya zauna a garin daga 1877 zuwa 1878, ya tarar yawancin mazaunansa baƙar fata ne, jikokin mutanen Afirka, makiyayan da ke da rabo a gonakin kuwa sai lokacin yankan dabino suke zuwa, don tsoron zazzaɓi. Yau mutane sun tashi daga gidajen ƙasa na tsohon garin sun koma sabon gari kusa da titi, an bar kango da iska.

To, ga zancen abin sha. Baƙo a wannan yanki, gahawa ake fara miƙa masa a ɗan finjali, mai ƙanshin hel, babu sukari, da dabino a faranti. Bayanta sai jan shayi mai zafi da na'ana'a ko habaƙ, ganyayen da Madina ta shahara da su. Mu kuwa da muka je, cikin ayarinmu akwai wani ɗalibi na Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, mutumin Fatani a kudancin ƙasar Tailan, wadda ake kira Siyam kafin 1939. Da azahar ta yi, dutse ya ɗauki zafi, muka fake a inuwar dabino, sai ya buɗe kula ya zuba mana wani shayi mai launin ruwan goro a kan ƙanƙara. Dattijon da ke cikinmu ya ce, “Ɗana, shayi kuma da ƙanƙara?” Ya ce, “Baba, a garinmu zafi ba ya ƙarewa, haka muke shansa.” Baba ya kurɓa, ya yi shiru, sa'an nan ya miƙa kofi a ƙara.

Sunansa a harshensu ca yen, watau shayi mai sanyi. Kalmar ca ɗin nan daga Sin ta fito, kuma ita ce asalin shayi da muke faɗi, wadda muka karɓa daga Larabawa. A Bankok akwai wani kamfani mai suna ChaTraMue da ke haɗa ganyensa tun 1945. Launin nan da ke jan ido kala ce ta abinci da ake zubawa cikin ganyen, ba ta ƙara masa daɗi, wanda bai samu ba bai rasa kome ba.

Ga yadda ake yinsa a gida, da kayan da ke kowane kanti na zango. A tafasa ruwa lita guda. A zuba baƙin ganyen shayi babban cokali biyar, ko Lipton na jaka takwas. Mai son ƙanshi ya jefa kanumfari biyu da ɗan guntun kirfa, ko da yake su masu abin da yawansu ba su sa kome. A sauke, a rufe, a bar shi minti biyar zuwa bakwai. Lalle ya yi ƙarfi fiye da wanda mai shayi ke sayarwa da safe, gama ƙanƙara za ta narke ta tsinka shi, in ya fito salamf tun farko sai ya koma ruwa. A tace da farin ƙyalle mai tsabta. Tun yana da zafi a zuba madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, babban cokali shida, a juye shi daga wannan moɗa zuwa waccan kamar yadda masu shayinmu ke yi, har ya haɗu ya yi kumfa. Sa'an nan a ajiye ya huce sarai. Kada a zuba shi da zafi a kan ƙanƙara. In ya huce, a cika kofi da fasasshiyar ƙanƙara, a zuba shayin ya kusa baki, a ɗiga madarar ruwa irin Ideal ko Peak a bisa, cokali biyu. Lita guda tana ba da kofi biyar ko shida.

Masu shayi na zango, ku saurara. Cinikinku na asuba ne da na dare, da rana teburi yana kwance babu kowa, mutane suna wajen masu zoborodo da lamurje da fura. Ganye da madara da kofuna duk kuna da su. Abin da ya rage shi ne kula da ƙanƙara, sai tsakar rana ma ta zama lokacin ciniki. Amma akwai sharaɗi biyu da ba a wasa da su. Na ɗaya, ƙanƙarar ta zama ta ruwan sha mai tsabta, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot, tafasa ce ke kashe su, ita kuwa ƙanƙara bayan tafasa take shiga. Wanda ya sayi dunƙulen da ake sanyaya kifi da shi ya jefa wa mutane a kofi, ya ɗauki alhaki. Na biyu, madara ba ta jimrin zafi. Wanda aka haɗa ya zauna cikin sanyi, abin da ya kwana kuwa a zubar, in ba a firji ya kwana ba. Gara a yi asarar kofi uku da a yi asarar suna.

Dattawa kuma, ga taku. Madarar nan mai kauri kusan rabinta sukari ne, sanyi kuwa yana ɓoye zaƙi, mutum ya sha kofi biyu bai ji ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a shida ya fi. Kofi guda na wannan shayi, yadda ake sayar da shi a waje, yana iya cinye rabin wannan ko fiye. Mai ciwon sukari ya bar mai kaurin, ya yi da madarar ruwa zalla, ya kuma ji maganar likitansa. Dabarar mutanen Khaibar ma abin koyi ce: abin sha babu zaƙi, dabino ɗaya ko biyu a gefe, mutum yana ƙirga abin da ya ci.

Wanda Allah ya nufa da Umra, ya keɓe yini guda don Khaibar, ya zaɓi watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama da bazara zafin yana wuce awo 40. Ya tafi da ruwa da takalmi mai ƙarfi, domin dutsen yana da kaifi, ya komo wa iyali da dabino. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.