Ranar da ƙasa ta koma asa

A shekarar 2011, ina ɗalibi a Samaru, wani malaminmu ya ɗora mini aikin da na zaci na mako biyu ne. Ya shafe shekaru yana tattara bayanan littattafan Hausa, tun daga waɗanda hukumar NORLA ta buga a Zariya tsakanin 1954 da 1959, da na Kamfanin Gaskiya, har zuwa ƙananan littattafan soyayya na kasuwar Kano. Kowane littafi da katinsa: suna, marubuci, maɗaba'a, shekara. Wani ɗalibi da ya gabace ni ya riga ya juye katunan zuwa fayilolin XML, tsarin nan da ake killace kowane bayani tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa. Nawa aikin shi ne in rubuta 'yar manhajar da za ta karanta fayilolin ta fitar da jeri guda. Na rubuta da Python 2.7, ta yi aiki, na manta da ita.

Bara Malam ya kira ni. Ya yi ritaya, yana son a buga jerin ya zama littafi, tsohuwar kwamfutarsa kuma ta mutu. Sabuwar da aka saya masa Python 3.10 ce a kanta, 'yar manhajar tawa ta ƙi ko motsi. "Ɗana, kai ka ɗaure wannan akuya," in ji shi, "sai ka zo ka kwance ta."

Cikas na farko bai ba ni wuya ba. An daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020, kuma cElementTree, laburaren da na dogara da shi wajen karanta XML, ya zama tsohon yayi, sannan daga Python 3.9 aka cire umarnin getchildren da na yi ta amfani da shi. Maganin wannan canjin suna ne kawai, domin ElementTree na yanzu yana ɗaukar sassansa masu sauri da kansa. Sai kuma wasu layuka huɗu a saman manhajar da suka riƙa kawo kuskure, saboda Python 3 ta raba tsakanin rubutu da ɗanyun bayanan fayil, abin da ta biyu take haɗawa. Na dube su, ban tuna amfaninsu ba, ban kuma bar wa kaina ko kalma ɗaya ta bayani ba a 2011. Na goge su.

Nan take ElementTree ya tsaya cak. Ya ce a layi kaza, gurbi kaza, ya ci karo da wata alama da bai san ta ba, ba zai ƙara taku ɗaya ba. Wannan ba taurin kai ba ne irin na manhaja maras kyau. Ƙa'idar XML da aka fitar a Fabrairun 1998 ita ce ta shar'anta haka: duk manhajar da ta tarar da fayil ya karya tsari, wajibi ne ta sanar, kada ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Masu ƙa'idar sun ga yadda manhajojin buɗe shafukan intanet suke haɗiye kowane irin kuskure suna cike giɓi da zato, suka ce ba za a maimaita wannan ba. Ni kuwa a daren nan ba falsafa nake nema ba, jeri nake nema, ga batir yana ƙarewa.

Zaɓin da ke gabana huɗu ne, amma biyu ban daɗe a kansu ba. Minidom yana loda fayil gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana kuma sa mutum rubuta layi biyar inda ɗaya zai wadatar. SAX yana bin fayil alama bayan alama ba tare da ya riƙe komai ba, wanda ya dace da fayil mai girman gaske, irin wanda babban ɗakin karatu kamar na Kashim Ibrahim zai iya fitarwa daga kundinsa. Katunan Malam ba su kai nan ba. Su biyun kuma, kamar ElementTree, a kan expat na James Clark suke zaune, don haka inda ɗaya ya tsaya nan sauran za su tsaya.

Saura lxml. Shi ba ya zuwa tare da Python, sai an sauko da shi, kuma an gina shi a kan libxml2 na Daniel Veillard. Yana magana da yaren ElementTree kusan kalma da kalma, ya kuma fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba: cikakken XPath na neman bayani, XSLT na sauya fasali, tantance fayil bisa tsarin da aka gindaya, har da faɗa maka layin da kowane bayani ya fito. Yana da wani maɓalli kuma mai suna recover, wanda in ka kunna shi zai tsallake abin da ya karye ya ci gaba. Na kunna. Kafin ruwan shayi ya tafasa jeri ya fito, adadin littattafai ya yi daidai da na katunan. Na kwanta ina yaba wa kaina.

Washegari na hau mota daga Samaru, ta Kwangila, na sauka PZ, na taka zuwa wata ƙaramar maɗaba'a a Sabon Gari. Mai tsara shafuka dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu. Ya fitar da shafi uku na gwaji, ya gyara tabarau, ya karanta da ɗan yatsa. Can ya ɗago.

"Injiniya, wannan wace irin Hausa ce? Mene ne asa?"

Na karɓa na duba. Duk inda ƙasa take ta koma asa. Ɓarawo ya koma arawo. Waɗannan ma da sauƙi, domin ido zai kama su. Abin da ya sa gumi ya karyo mini shi ne waɗanda suka rikiɗa suka zama wasu kalmomin Hausa na gaskiya: ƙara ta koma ara, ɗaya da ƙaya duk sun koma aya. Da an buga haka, mai bincike nan da shekara ashirin zai nemi littattafan da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan Malam a bango.

A cikin motar komawa na gano abin da ya faru. Ɗalibin da ya gabace ni ba shi da hanyar buga haruffa masu lanƙwasa a allon rubutunsa, sai ya ƙirƙiro tasa: &k; a madadin ƙ, &d; a madadin ɗ, &b; a madadin ɓ. Dabara ce mai kyau a zamaninta, ta ma fi ta masu sa } da ] su dogara da wani font na musamman ya nuna su daidai. Sai dai XML alamomi biyar kacal ya sani irin waɗannan ba tare da an gabatar masa da su ba, kuma babu harafin Hausa a cikinsu. Layuka huɗun da na goge su ne suke musanya waɗannan alamomi da haruffan gaske kafin a fara karatu. ElementTree ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji. Shi ma lxml bai yi ƙarya ba: ya rubuta kowane harafin da ya zubar a cikin error_log, rajistar kurakuransa, ni ne ban buɗe ta ba.

Gyaran ya ci yini biyu. Ban mayar da layukan nan huɗu ba. Na bi fayilolin kansu, sau ɗaya, na sauya kowace alama da harafinta na Unicode, na adana su da UTF-8, yadda duk manhajar da ta buɗe su nan gaba za ta ga ƙ a matsayin ƙ. A nan lxml ya yi mini rana, domin rajistar tasa ce ta nuna mini sauran wuraren da suka karye, galibi sunayen maɗaba'u da aka rubuta da & tsirara. Amma manhajar da na bar wa Malam a kan ElementTree na gina ta, duk da ya fi ƙarancin dabara. Yana cikin Python tun 2006, ba ya bukatar data ko saukar da komai ranar da kwamfuta ta sake mutuwa, kuma in wani ya ɓata fayil zai tsaya ya yi ƙara. Da fayilolin daga waje suke zuwa, daga hannun wanda ban sani ba, da na ƙara defusedxml, saboda akwai fayil ɗan ƙarami da ake shiryawa ya kumbura ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na Malam daga aljihun teburinsa suke fitowa.

A saman sabuwar manhajar na rubuta sakin layi guda da Hausa, na bayyana abin da kowane sashe yake yi da dalilinsa. Dattijon Sabon Gari ya caje ni kuɗin gwaji na biyu, ya kuma ce sai ya karanta dukkan shafukan da kansa kafin a ɗora faranti. A shafi na goma sha ɗaya ya kama wata shekara da aka rubuta 1597. Wannan kam tun daga katin Malam take.