Darasin da ke Tsallaken Kogin Kaduna

A zangon karatun da ya gabata aiki ya kai ni tsallaken Kogin Kaduna. Tsangayarmu ta tura ɗalibanta makarantun sakandare domin gwajin koyarwa, ni kuma aka ba ni duba huɗu daga cikinsu a wata makaranta da ke yankin Kakuri. Sai da na hau gadar da ke kusa da Filin Wasa na Ahmadu Bello sannan na tuna cewa na fi shekara biyu ban taka ƙasa a kudancin garin ba, sai dai in ratsa cikin mota idan zan tafi Abuja. Idan haka malamin malamai yake, me za a ce game da yara?

Na sami ɗaya daga cikin ɗalibaina a aji uku na ƙaramar sakandare tana koyar da darasin masana'antu. Ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ta jero ire-irensu a allo, ta lissafa abubuwan da ke sa a kafa masana'anta a wuri, ta kawo misalan Legas da Fatakwal. Ni kuwa daga inda nake zaune a bayan aji ina hango dogon rufin wata tsohuwar masaƙa ta taga. Da ta kammala sai na nemi izini na tambayi yaran, “Wancan ginin, me ake yi a cikinsa a da?” Wata yarinya ta ce sito ne. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, kakana ya yi aiki a can, amma ban san abin da suke yi ba.” Na tambaye su daga ina kogin garinsu ya taso, aji ya yi tsit.

Ban ga laifin yaran ba, ban kuma ga na malamarsu ba. Tun shekarar karatu ta 2009/2010 aka daina koyar da Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin ƙaddamar da dawo da shi. Ita kanta malamar a cikin wannan giɓi ta yi karatu. Ga shi kuma manhajar ta ƙasa baki ɗaya ce, misalan gida an bar wa malami ya nemo da kansa, wanda bai sani ba kuwa me zai nemo?

Da aka tashi sai na bar mota na bi unguwar da ƙafa, domin gani ya kori ji. Na fara da bakin kogi, inda darasin labarin ƙasa yake. Daga tsaunukan Jos ruwan nan yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi. A hanya yana juya injinan lantarki na madatsar Shiroro, sannan ya bi ta Zungeru, tsohuwar hedikwatar Turawa a Arewa. Ashe tsohuwar hedikwata da sabuwa a bakin ruwa ɗaya suke. Yaron da ya bi wannan layi da yatsa a taswira ya ratsa jihohi uku bai bar kujerarsa ba.

Daga nan zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa babu nisa, ita ce kuma mabuɗin tarihin garin. Ƙasar Gbagyi ce nan tun kafin zuwan Turawa. Lugga ya zaɓi wurin ne saboda ruwa da fili da layin dogon da ya isa Kano a 1911. Aka kawo sojoji a 1913, aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. Daga baya layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da na Legas a wannan tasha. Ofisoshin mulki suka zauna a arewacin kogi, reluwe da ma'aikatanta suka zauna a kudu. Garin bai daɗe ba ya zama hedikwatar Jihar Arewa, sannan ta Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, aka kuma cire Katsina daga cikinta a 1987.

Darasin tattalin arziki shi ya fi tsayar da ni. Abubuwan da ɗalibata ta lissafa a allo, wato ruwa da sufuri da ɗanyen kaya da ma'aikata, ga su nan a Kakuri ƙuru-ƙuru. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau tana saukowa a jirgi, kogi na ba da ruwan wanki da rini. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles tare da wani kamfanin Ingila. A shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, da jarin mutanen Japan a Arewa, na mutanen Hong Kong kuma a UNTL. An kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai da ke kan hanyar Kachia ta fara aiki a 1980. Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, a masaƙar Arewa ya soma gwagwarmayar ƙwadago.

Faɗuwar ma darasi ce mai dalilai. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran injina suka yi tsada. Lantarki ya yi ƙaranci. Baƙin man da masaƙu ke hura tukwanen tururinsu da shi ya yi wuya duk lokacin da matatar ta tsaya. Atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa ta hanyar fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ɗalibin da ya fahimci yadda tsayawar matata ke kashe masaƙa, mutuwar masaƙa kuma ke hana manomin Funtuwa shuka auduga, ya fi wanda ya haddace ma'anoni goma sanin tattalin arziki.

A gindin wata bishiya kusa da Kasuwar Monday na zauna wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya a ɗaya daga cikin masaƙun. Na ce, “Baba, yaya unguwar nan take a da?” Ya ce, “Malam, in jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, kekuna ba sa barin mota ta wuce. A layinmu akwai Bakatsine, akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Bayarabe. Wanda zai tafi salla sai ya bar wa na kusa da shi injinsa, ba ya tambayar cocin da yake zuwa.” Ya yi shiru, sannan ya ce jikokinsa ba su taɓa tambayarsa wannan ba.

Nan ne darasin zama ɗan ƙasa ya shigo, shi ne kuma mafi nauyi. Rikicin Fabrairu da Mayun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka masu yawa, suka sa mutane ƙaura: Musulmi da dama suka koma arewacin kogi, Kirista da dama suka koma kudu, har wasu ke kiran ɓangarorin Makka da Kudus. Duk ɗalibin da ke sakandare a yau bayan wannan aka haife shi. Bai san Kadunar dattijon nan ba, wadda ya sani ita ce wadda ake ja masa kunne kada yamma ta yi masa a tsallake. Idan makaranta ta yi shiru, jita-jita da wayar hannu za su koyar da shi tarihin garinsu, kuma mun san irin darasin da suke bayarwa.

Alhali ko taswirar mulki ba ta yarda cewa kogin iyaka ba ne. Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, ta haɗa Kakuri da Barnawa da Television tare da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da ke ɗaya gefen ruwan. Shugaba ɗaya suke zaɓa, asusu ɗaya ke gyara musu magudanai. Sabon Tasha da Narayi kuwa a Chikun suke, mai hedikwata a Kujama. Kudancin Kaduna da ake faɗa a siyasa kuma, wato su Kafanchan da Zonkwa, wani abu ne daban. Yaron da bai san ƙaramar hukumarsa ba, wa zai tuhuma idan ruwa ya ci titinsu? A wannan gari kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995. Duniya ta san labarinsu, ya kamata ajin Kakuri da na Kawo su san shi.

Shawarata ga Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya ba mai tsada ba ce. A sa malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi su rubuta ɗan littafin “Jiharmu” da Hausa da Turanci, mai taswirar ƙananan hukumomi 23. A haɗa kowace makaranta da takwararta a ɗaya gefen kogi: yaran Barnawa su ziyarci Gidan Arewa da Zauren Lugga, na Unguwar Shanu su zo su ga tashar jirgi da masaƙu. A kuma gayyato tsofaffin ma'aikata cikin aji tun suna raye. Mu masu horar da malamai kuwa, gyaran daga kanmu zai fara.

Kafin in tafi na ce wa ɗalibata, “Malama, ki ba su aikin gida: kowa ya tambayi babba a gidansu abin da ya kawo su Kaduna.” Da na koma bayan mako biyu, yaron nan ya zo da tsohon katin shaidar aikin kakansa a cikin leda. Wata ta zo da zanen kakarta mai tambarin masaƙa a gefe. Amsoshin suka cika allo: reluwe, soja, masaƙa, kasuwa, karatu. Sai wata yarinya daga baya ta ce, “Malama, ashe dukkanmu aiki ne ya kawo mu.” Malamar ta waiwayo ta dube ni, ni kuwa ban ga abin da zan ƙara ba.