Kulocin roka a Kano da a Jamus

Ranar da aka fara sauke giyabos a gabana a garejin manyan motocin da nake aiki a nan Jamus, kwali ne ya tsaya mini a rai. An buɗe shi, an ciro farantin kuloci da murfin da ke matse shi da boris, an ɗaura su duka uku. Sai aka kwaso tsofaffin aka mayar cikin wannan kwalin, aka liƙa masa takarda. Na tambayi shugaban garejin ko bola za a kai su. Ya ce ina, ai da kuɗinmu a kansu: jingina aka biya lokacin sayen kayan, ba za a dawo da ita ba sai tsohon ya koma hannun dila. Daga can ake tura shi masana'anta. Kamfanin ZF, mai kulocin Sachs, yana da guda a garin Bielefeld wadda aikinta ke nan: a warware tsohon kuloci, a wanke, a auna kowane ƙarfe, a zubar da wanda ya gaji, a harhaɗa sauran da sabuwar fata, ya fito da garanti.

Ni a gidan mota na tashi. Kawuna ya yi shekaru yana jan Mercedes 911, wadda muke kira roka, daga Kano zuwa Jos har ƙasar kudu. Na san yadda ake yi in kuloci ya ƙone. A shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota, yara huɗu da sarƙa da gungumen katako su sauko da giyabos, bakanike ya zaro farantin ya duba. In ƙarfensa bai lanƙwashe ba, sai a kai shi Ƙofar Ruwa ko wurin masu sa fata, a huda tsofaffin ƙusoshin ribiti, a ɗora sabuwar fata gefe da gefe, a buga. Kafin la'asar mota ta tashi. Na zo Turai da kunyar wannan aiki, ina ɗauka talauci ne kawai ya sa muke yi, su kuwa sabo suke saye. Ashe su ma tsohon suke mayarwa cikin mota.

Abin da ya raba mu da farko lissafi ne. A nan awa guda ta aikin bakanike tana da tsada ƙwarai, sauke giyabos ɗin babbar mota kuwa yana cin yawancin yini, ga asarar tsayuwar mota. Ba wanda zai buɗe ya canza faranti kaɗai, ya bar boris ɗin da zai fara kuka bayan wata uku. A gida akasin haka ne: ƙarfin yaran gareji ya fi komai araha, kayan gyara kuma dala ke yanka musu farashi. Mai mota ya gwammace a sauke giyabos sau uku a shekara da ya sayi murfi sau ɗaya. Ban ga laifinsa ba, abin da ke aljihunsa ya duba.

Sai dai kuloci ba fata ce kaɗai ba. Farantin yana zaune ne tsakanin babban ƙarfen da ke juyawa a bayan inji da murfin da sifirin ke danna shi. Zafi yana kashe ƙarfin sifirin a hankali, yana toya fuskar ƙarfen bayan inji har ta yi tabo shuɗi-shuɗi da ƙananan tsaga. In kuma robar da ke tare baƙin mai ta saki, mai ya riƙa ɗiga a kan faranti. Ka sa sabuwar fata a ƙarƙashin sifirin da ya mutu, a kan fuskar da ba a goge ba, fatar za ta riƙa zamewa tun ranar farko, direba bai sani ba. Sai an kai Hawan Kibo da lodin masara wanda ya wuce ƙa'ida, inji na ruri, mota ba ta gaba, ƙauri ya cika kai, yaron mota ya diro da weji a guje. Daga nan a ce jabun fata aka sa. Wani lokaci jabun ce, kasuwa cike take da kwalaye masu sunan manyan kamfanoni da ba su san da su ba. Amma sau da yawa fatar ba ta da laifi, murfin ne ba wanda ya auna.

Tsohuwar rokar ce ta ƙarasa buɗe mini ido. Mercedes ta fara ƙera wannan mai gajeren hanci a 1959, ta ci gaba da yin ta domin kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, a Najeriya kuma kamfanin ANAMMCO na Inugu ya harhaɗa manyan motocin Mercedes tun farkon shekarun 1980. A Jamus yanzu ba a lodi da ita. Waɗanda suka rage yawancinsu tsofaffin motocin kashe gobara ne, masu sha'awa suka saya, wasu suka mayar da bayansu ɗakin kwana don yawon duniya. Motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan da kamanninta na asali ana ba ta lamba mai harafin H, ta zama kayan tarihi. Wani dattijo ya kawo mana irinta, farantin da ya dace bai samu da wuri ba. Shugabanmu ya aika da tsohon farantin zuwa wani ƙaramin shago, aka sa masa fata da ribiti, sak aikin Ƙofar Ruwa. Da farantin ya dawo sai ya ɗora shi a kan sanda ya juya, agogon awo na taɓa gefensa, yana duba ko yana rawa. Ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar murfin yana neman inda haske ke ratsawa. Ƙarfen bayan inji aka kai shi aka goge fuskarsa. Awon bai ci rabin awa ba, kayan awon kuma ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Akwai abin da kanikawan gida suka fi na nan, kuma ina faɗa musu. Sababbin motocin nan ba su da abin takawa na kuloci, kwamfuta ce ke sa giya, in an canza faranti ma sai an jona na'ura an sanar da ita. Matasan da muke aiki tare, in na'ura ba ta yi magana ba sai su tsaya. Bakaniken kawuna kuwa da tafin ƙafa da kunne yake gane boris ne ko sifirin, tun mota ba ta gama tsayawa ba.

Ƙura ce ta fi damuna. Tsofaffin fatun kuloci da na birki da asbestos ake yin su, wanda Jamus ta haramta a 1993 saboda ƙurarsa na jawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa. A nan ba a taɓa tsohuwar mota sai da takunkumi, a jiƙa ƙurar a goge. A gida na sha ganin yaro ɗan shekara goma sha biyu ya kai baki ya hure ta, ta turnuƙe masa fuska, fatar kuma ba wanda ya san da me aka yi ta. Ni ma na hura.

Na kira kawu na ba shi labarin dattijon nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, su ma ribiti suke bugawa?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu, sai dai suna aunawa kafin su rufe." Ya tambaye ni girman agogon, na ce bai wuce tafin hannu ba. Na sayi biyu da miƙaƙƙen ƙarfe da kwalin takunkumi, suna cikin jakar wani ɗan unguwarmu da zai sauka Kano bayan Sallah. Kawu ya ce shi da kansa zai kai wa bakaniken, zai kuma tsaya a auna murfin rokarsa a gabansa.