Tiram a Faransa da Amurka: Wa Aka Ba Titi?

Tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin titunan cikin gari, kusan ƙirarsa ta zamani ɗaya ce ko'ina. Yana jan wuta daga wayar da ke saman titi ta wani hannun ƙarfe da ke kan rufinsa, daɓensa kuma daidai yake da dandamalin tasha, har mai keken guragu ya shiga ba sai an ɗaga shi ba. Duk da haka a wani birni ya zama ƙafar ma'aikata, a wani kuwa abin kallo ne kawai. Abin da ya raba su shi ne wanda hukuma ta ba titi.

Strasbourg ta Faransa ta buɗe layinta na farko a 1994, zamanin magajiyar gari Catherine Trautmann. Shekara biyu kafin nan an riga an hana motoci ratsa tsakiyar birnin. Aka ware wa dogo hanyarsa shi kaɗai, a wasu wurare har ciyawa aka shuka tsakanin ƙarafan. Idan jirgi ya tunkari mararraba, na'ura ke sanar da danja ta ba shi hannu. Kasabalanka ta Maroko ta bi wannan tsari a 2012. Washington kuwa, da ta buɗe layin Titin H a 2016, sai ta shimfiɗa dogon a hanyar motoci, daf da inda ake fakin. Mutum ɗaya ya ajiye motarsa ta ɗan leƙo kan farin layi, sai jirgi ya tsaya cak da fasinjojinsa. Bas zai kauce ya wuce, tiram kuwa ba ya barin dogo. Ko kuɗin hawa ba a karɓa a lokacin, amma kyauta ba ta maganin makara.

Wani zai ce bas mai hanyarsa, irin BRT ɗin Legas na 2008, zai yi wannan aiki da araha. Gaskiya ne a garuruwa da yawa, kuma hujjar tasa ma tana nuna keɓe hanya ne ginshiƙi. Sai dai tiram ya fi bas ɗaukar jama'a da direba ɗaya, kuma hanyar da aka shata da fenti tana da saurin komawa hannun masu motoci idan gwamnati ta canja. Birnin da ba zai iya ƙwace layi ɗaya daga motoci ba, gara ya riƙe kuɗin dogonsa ya sayi bas.