Sitika ta ɓare, bashi na nan

Bari in ba ku labarin jikka goma sha biyar da na zuba wa iska, don kada wata ta maimaita.

Ina cikin ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara a nan Agye, tsarin nan da aka soma a jihar Maraɗi tun 1991. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bara na ci bashi a asusu, na haɗa da kuɗin tumakina muka sayi adaidaita ta hannu, ɗana ke kai mini kaya Gazawa da Cadawa. Sai na ce a manna mata babbar sitika mai sunan kayana da lambar wayata, duk inda ta bi ta yi mini talla.

Ranar da aka kawo ta, ɗoki ya hana ni haƙuri. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina. Yaron ya goge jikin keken da tsumman da yake goge inji, muka manna a ƙofar gida da rana tsaka, ƙarfe ya yi zafi. Wurin lanƙwasa ma jan ta muka yi da ƙarfi har ta kai. Ta yi kyau, wallahi. Kwana tara, gefe ya ɗago. Ƙura ta shige, iskar hanya ta ƙarasa, lambar wayata ta koma rabi. Ranar zubi kuwa ba a tambayi sitika ba, kuɗi aka tambaya.

Da na sake tara kuɗi, na kai wa wani mai wannan aiki a Maraɗi. Ya shafa wurin da yatsa, ya nuna mini maiƙo. Ya ce, "Hajiya, gam ba ya kama mai, ba ya kama ƙura." Na zauna na kalli aikinsa daga farko har ƙarshe.

Ya wanke da sabulu, ya bari ya bushe sarai, har lungunan da ruwa ke maƙalewa. Ya bi da alkol da tsumma mai tsabta, musamman gefe-gefe. Inda fenti ya tashi ko akwai tsatsa, ya ce sai an gyara tukuna. Cikin inuwa ya yi aikin, ƙarfe na da sanyi. Daga tsakiya ya fara dannawa zuwa waje, yana korar iska da ɗan faifan roba. A lanƙwasa bai ja ba, don abin da aka ja sai ya nemi komawa yadda yake, nan ɗagowa ke farawa. Da ya gama ya bi gefunan da injin busa iska mai zafi, yana dannawa. Ya ce kada a wanke sai bayan kwana biyu, kada esansi ya zuba mata, mai wanki kuma kada ya harba ruwa a bakinta.

Damina ta wuce, tana nan daram. Wata mata daga Gidan Rumji ta ga lambar a tasha ta kira, yanzu duk wata tana sayen jarka biyu.

Na biya bashina, amma da jinkirin sati uku da tara a kai. Duk wadda za ta sa kuɗin asusu a irin wannan aiki, ta tsaya a kansa da idonta, ta ga an wanke, an bushe, an shiga inuwa. Allah ya sa albarka a neman kowa.